Kurkur, habbatus sauda ko allurar asibiti: ina iyalan mai ciwon daji za su fara sa kuɗinsu?

Daga Garwa zuwa Marwa, daga Kusiri zuwa Injamena, da zarar likita ya ambaci ciwon daji a gida, kafin mako ya zagayo shawarwari sun cika wayar kowa. Wannan ya turo hoton kwalbar kafso na kurkur, wancan ya ce man habbatus sauda da zuma, wata ta ce a dafa ganyen korosol a sha safe da yamma. Masu sayar da kayan nan kuma sun koyi bakin likitoci. Za ka ji suna cewa maganinsu yana toshe NF-κB, yana kashe STAT3, bincike ya tabbatar. Abin da ya sa lamarin ke da wuya shi ne ba duka ƙarya suke yi ba, akwai binciken da gaske. To amma kuɗin iyali guda ne, kuɗin sa ne da aka sayar, ko na auduga, ko na buhunan albasa, kuma in sun tafi sun tafi ke nan. Saboda haka ya kamata a auna kowane ɗaya a ga nauyinsa.

Kowace ƙwayar jikin mutum tana ɗauke da umarnin gado kusan 20,000 a rubuce cikin DNA, amma ba duka ake aiki da su lokaci guda ba. Akwai wasu furotin, kimanin 1,600 a jikin ɗan Adam, da ke zama a kan DNA su kunna wannan umarni su kashe wancan. Su ne makunnan gado. MYC yana ce wa ƙwaya ta girma ta rabu. NF-κB, wanda Ranjan Sen da David Baltimore suka gano a 1986, yana tayar da kumburi ya kuma hana ƙwaya mutuwa. STAT3 ma kusan aikinsa ke nan. HIF yana sa ƙari ya janyo wa kansa sababbin jijiyoyin jini idan iska ta yi masa ƙaranci. Shi kuwa p53 mai tsawatarwa ne, idan ƙwaya ta lalace ya tsayar da ita ko ya sa ta mutu, kuma a kusan rabin cututtukan daji an tarar shi ne ya samu matsala.

Waɗannan sunaye sun fi kusa da mu fiye da yadda ake zato. Ciwon nan da ke kumbura muƙamuƙi ko cikin yara, wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, kuma ya daɗe yana cikin cututtukan daji mafi yawa a yaran Kamaru, tushensa MYC ne da ya kunnu ya ƙi mutuwa. Sankarar hanta da ke ɗauke mana magidanta suna tsakiyar ƙarfinsu tana da alaƙa da gubar aflatoksin ta gyaɗa da masara masu funfuna, kuma tun 1991 aka nuna cewa gubar tana lalata p53 a wani gurbi takamaimai. Ƙwayar cutar HPV mai jawo sankarar bakin mahaifa ita ma p53 take rusawa. Yawancin sankarar mama kuma tana rayuwa ne ta hanyar makunnin da sinadarin mata na istirojin ke kunnawa.

Masu haɗa magani sun sha wahala da makunnan nan, domin yawancinsu ba su da wani lungu a jikinsu da magani zai shiga ya maƙale, ga shi kuma can cikin tsakiyar ƙwaya suke aiki. Wannan ne ya sa aka koma lalube cikin tsirrai da ƙasa da teku. Tambayoyi uku nake yi wa duk abin da aka ce yana yaƙar daji. In an sha, yana kaiwa cikin jini da yawan da zai yi aiki? An gwada shi a kan mutane masu ciwon, an kwatanta da waɗanda ba su sha ba? Wace illa yake yi? Kashe ƙwayar daji a cikin faranti a ɗakin bincike abu ne mai sauƙi, ko gishiri in ya yi yawa zai yi hakan.

Kurkur, ko gangamau, shi ya fi kowa suna, kuma shi ya fi cin kuɗin mutane. Sinadarinsa kurkumin, wanda bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na garin ba, a ɗakin bincike yana danne NF-κB da STAT3 da wasu da dama. Dubban rubuce-rubuce aka yi a kansa. Amma tambaya ta farko ce take kayar da shi. Kurkumin ba ya narkewa sosai a ruwa, hanji ba ya tsotsarsa da kyau, ɗan abin da ya shiga kuma hanta ta sauya shi nan da nan. A wani gwaji a Taiwan a 2001 an ba mutane har giram 8 a rana, abin da aka tarar a jininsu kaɗan ne ƙwarai. Giram 8 na kurkumin kuwa sai ka ci kimanin kwatan kilo na garin kurkur kafin ka same shi. A 2008, a asibitin MD Anderson na Amurka, an ba masu sankarar fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, su 25 wannan adadin, biyu kacal aka ga wata alama a jikinsu. A 2017 wasu masana haɗa magani a Amurka, ƙarƙashin Kathryn Nelson, suka bi diddigin gwaje-gwaje sama da 120, suka ce ba su ga ko ɗaya mai tsauraran ƙa'idoji da kurkumin ya yi nasara a ciki ba. Sun kuma nuna cewa sinadarin yana da halin ruɗar na'urorin gwaji, ya nuna kamar yana aiki alhali ba ya yi. An ma janye rubuce-rubuce da dama na farko-farko a kansa saboda an sami maguɗi a hotunansu.

Kamfanoni sun san da matsalar tsotsar, shi ya sa suke haɗa shi da sinadarin masoro, domin wani bincike a Indiya a 1998 ya nuna hakan na ninka abin da ke shiga jini har sau 20. Sai dai nan wata ɓaraka ta ɓullo. A 2019 an sami mutane fiye da 20 a Italiya da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan kafso, kuma a 2022 hukumar kula da lafiyar abinci ta Faransa ta yi gargaɗi a kansu. Mu da ciwon hanta na B ya yi mana katutu, wannan gargaɗin ya fi shafar mu fiye da Turawan. Wani gwaji a Holan kuma ya nuna kurkumin da masoro suna rage ƙarfin maganin tamoksifen a jinin mata masu sankarar mama. Kurkur a miya ko a shinkafa ba shi da laifi ko kaɗan, a ci gaba da sawa. Kafso mai tsada kuwa, a ganina, shi ne abu na ƙarshe da ya cancanci kuɗin mai jinya.

Habbatus sauda tana da matsayi a zukatanmu saboda ingantaccen hadisin da ya ambace ta, kuma ba na cikin masu raina ta. Sinadarinta timokwinon ya danne NF-κB da STAT3 a faranti, ya kuma rage ƙari a jikin ɓeraye. A mutane kuwa aikin bai yi nisa ba. Wani ƙaramin gwaji a Saudiyya a 2009 ya ba masu ciwon daji da ya yi nisa, jikinsu ya karɓa ba tare da wata illa ba, amma ƙarin bai ragu ba. Idan aka jera ta da kafson kurkur, ta fi shi araha, ana samun ta a kowace kasuwa, kuma ɗan abin da aka saba sha bai cika cutarwa ba. Wanda zuciyarsa ta natsu da ita ya sha, ya gaya wa likitansa. Abin da ke ɓata mini rai shi ne mai sayarwa ya fake da hadisi ya hana mace zuwa a cire mata ƙari, alhali Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce a nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta.

Koren shayi da ake dafawa a kowace majalisa a Chadi da arewacin Kamaru yana da sinadarin EGCG, shi ma yana taɓa makunnan nan a ɗakin bincike. Shan shayi daban, kafson da aka tattara sinadarin daban. A 2018 hukumar abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 800 a rana ko fiye yana iya taɓa hanta. An kuma nuna a 2009 cewa EGCG yana maƙale wa bortezomib, maganin sankarar ɓargo, ya hana shi aiki. Maganin da aka yi daga koren shayi ya sami izini a Amurka a 2006 man shafawa ne na ƙurajen al'aura, ba na ciwon daji ba.

Zogale labarinsa ya ɗan bambanta, domin shi kunna makunni yake yi. Yana da sinadari ɗan uwan sulforafen, wanda Paul Talalay da abokan aikinsa suka ciro daga burokoli a Jami'ar Johns Hopkins a 1992. Dukansu suna tayar da Nrf2, makunnin da ke sa hanta ta ƙara ƙoƙari wajen fitar da guba. An gwada ruwan tsiron burokoli a Qidong ta ƙasar Sin, inda sankarar hanta ta yi yawa, aka ga jiki yana saurin fitar da wasu gubobi. Ga mai lafiya wannan abin so ne. Amma ƙwayar daji ita ma tana amfani da Nrf2, a wasu sankarorin huhu ta kan bar shi a kunne domin ta kare kanta daga allurar asibiti. Ke nan abin da ke taimaka wa mai lafiya ba lallai ya taimaki mai ƙari ba. Kwaɗon zogale abinci ne mai gina jiki, kuma mai jinya da ya rame yana buƙatarsa, sai dai a ci shi a matsayin abinci.

Akwai wanda mutane ba su cika ambata ba, kuma shi ya fi ba ni sha'awa, wato dangin hararrabi. Irin wanda ke tsirowa a Indiya yana da sinadaran da ke danne NF-κB. A Jamus a 2011 an gwada shi a kan mutum 44 masu ƙari a ƙwaƙwalwa da ake gasa musu shi da na'ura, an raba su gida biyu, kuma kumburin ƙwaƙwalwa ya fi sauka a waɗanda suka sha. Kumburi ya rage, ba ƙarin ba, kuma gwajin ƙarami ne. Hararrabin duwatsunmu wani iri ne daban, kada kowa ya sassaƙo ɓawo ya ce an gama magana. Ina ma ɗalibanmu na jami'o'in Ngaundare da Marwa da Injamena za su sami kayan aikin da za su bi wannan hanya har ƙarshenta.

Biyu kuwa ina roƙon jama'a su nisance su. Ganyen korosol yana da anonasin, gubar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma tun 1999 likitoci a tsibirin Gwadalup suka danganta yawan shansa da wata cuta mai kama da ta karkarwar jiki. Tumfafiya kuma ruwanta na ɗauke da sinadaran da ke rikita bugun zuciya, tazarar da ke tsakanin abin da zai taɓa ƙari da abin da zai kashe mutum 'yar kaɗan ce. Ko manyan kamfanoni sun ƙone hannu a wannan fage. Kamfanin magani na GSK ya biya dala miliyan 720 a 2008 ya sayi kamfanin da ke aiki a kan resberatirol na ɓawon inabi, a 2010 aka dakatar da gwajinsa a masu sankarar ɓargo bayan ƙodar wasu ta samu matsala.

Yanzu a duba ɗaya ɓangaren, abin da mutane ke kira maganin Bature suna gudu. Da yawa daga cikinsa daga halittun Allah aka ciro shi. Akwai wata sankarar jini da ake kira APL, wadda a da take kashe mutum cikin makonni ta hanyar zubar jini. Sanadinta makunni guda ne gurɓatacce, PML-RARA, da ke hana fararen ƙwayoyin jini balaga. A shekarun 1970 likitoci a Harbin ta ƙasar Sin, cikinsu har da Zhang Tingdong, suka lura cewa wani haɗin gargajiya mai arsenik yana taimaka wa wasu masu ciwon. Ba su tsaya kan an ce an ce ba, suka tace, suka gano arsenik ɗin ne ke aiki, suka auna adadinsa. A shekarun 1980 Wang Zhenyi a Shangai ya gwada ATRA, wani sinadari daga dangin bitamin A. Dukansu biyu kan makunnin nan suke faɗawa su rusa shi. A gwajin da aka buga a 2013 daga Italiya da Jamus, kashi 97 cikin 100 na waɗanda aka ba haɗin biyun suna lafiya bayan shekara biyu. Wannan ita ce babbar nasarar fagen baki ɗaya, kuma daga maganin gargajiya ta faro. Abin da ya raba ta da kurkur shi ne an san makunnin da take kamawa, an san nau'in ciwon, an san awo, an kuma ƙirga waɗanda suka rayu. Arsenik ɗin nan da ke warkar da APL ba ya warkar da sankarar mama, kuma in an sha shi barkatai kisa yake yi.

Akwai wasu. Daktinomaisin, daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa da aka gano a 1940, yana hana karanta umarnin DNA, kuma yana cikin magungunan da suka sa yara tara cikin goma masu sankarar ƙoda ta Wilms ke rayuwa a ƙasashe masu hali. Tirabektedin daga wata halittar teku yake, yana ture wani gurɓataccen makunni a wata sankarar kitse, Turai ta amince da shi a 2007. Binkiristin, da ake yi wa yara masu sankarar jini da ta Burkitt, daga furen Madagaska ne mai launin hoda ko fari da ake shukawa don ado a gidaje da harabar ofisoshi a Garwa. Shi ta wata hanya yake aiki, yana hana ƙwaya rabuwa, kuma sai an tace ɗaruruwan kilo na ganye kafin a sami giram ɗaya, don haka dafa ganyen ba zai ba da komai ba sai guba. A asibitocin mishan na Banso da Mbingo a Kamaru an nuna cewa da magunguna masu araha ana iya ceto fiye da rabin yara masu Burkitt. Tamoksifen kuwa ɗan masana'anta ne, amma aikinsa daidai abin da masu kafso ke alkawari: yana toshe makunnin istirojin. Ƙwaya ɗaya a rana tsawon shekara biyar tana rage mutuwa daga irin wannan sankarar mama da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma yana cikin magungunan daji mafi araha.

Ga wanda ya ce zai bar asibiti gaba ɗaya, akwai lissafi. Masu bincike a Jami'ar Yale sun bi mutum 281 da suka zaɓi magungunan da ba na asibiti ba kaɗai, suka kwatanta su da 560 da suka bi asibiti, aka buga a 2018. Haɗarin mutuwar na farkon ya ninka sau biyu da rabi, a sankarar mama kuwa fiye da sau biyar.

Na san nisan da ke tsakanin wannan magana da halin da muke ciki. Ɗan Marwa da ke buƙatar gashin na'ura sai ya yi doguwar tafiya a mota zuwa Ngaundare, ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, wataƙila ya wuce Duwala, ya nemi masauki wurin dangi a unguwar Biriketeri ko ta New Bell. Chadi tana cikin ƙasashen farko da hukumar nukiliya ta duniya ta sa a shirinta na 2022 don samar da irin wannan na'ura, saboda rashinta. Mai kafso kuwa har gida yake kawowa, ya zauna ya saurari kukan mutum, abin da likita mai layin mutum hamsin ba ya samun sukunin yi. Ba wauta ke kai mutane wurinsa ba. Amma wahalar tafiyar ita ce dalilin da ya sa bai kamata a ɓatar da guzurinta a kan kwalabe ba.

Idan ƙari aka gani ba a riga an san ko mene ne ba, kuɗin farko na gwajin tsoka ne, wato a yanko ɗan kaɗan a duba a madubin likita. Camfin cewa in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu ya jawo asarar rayuka da yawa. Abin da ke faruwa shi ne ana kai mutane a makare, sai a ɗora wa wuƙa laifin jinkiri. In sankarar mama ce, a tambayi likita ko an duba tana jin istirojin, domin amsar ce za ta nuna ko tamoksifen zai yi amfani. In yaro ne muƙamuƙinsa ko cikinsa ke kumbura da sauri, ba a jira ko mako guda, Burkitt na iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma saurin nan nasa ne ke sa ya ji magani sosai. Wanda ya riga ya fara karɓar allura ya kwashi duk abin da yake sha, har da jiƙe-jiƙen da inna ko goggo ta kawo, ya nuna wa likita, ya kuma ajiye kafson kurkur da na koren shayi har a gama. Wanda ciwonsa ya wuce warkewa, abin da ya fi buƙata shi ne a kashe masa zafi, kuma mofin, wanda shi ma daga tsiro ake samun sa, ya fi kowane jiƙo iya wannan. A nema masa a asibiti, kada a ji kunyar tambaya. A wannan mataki zuma da habbatus sauda da addu'ar dangi suna da gurbinsu, muddin ba a sayar da gonar marayu don kwalbar da ba za ta sauya komai ba.

Masu lafiya da ke sayen kafso don rigakafi kuwa, akwai inda kuɗinsu zai fi amfani. A yi gwajin ciwon hanta na B, domin a yankinmu kusan mutum ɗaya cikin goma ko fiye yana ɗauke da shi bai sani ba, kuma akwai maganin da ke danne shi. Allurar rigakafinsa tana cikin alluran yara a Kamaru tun 2005. Ta HPV ga 'yan mata ta shigo a 2020. Sai kuma rumbu. A ƙasar Gini an koya wa manoman gyaɗa su tsince ruɓaɓɓiya da hannu, su shanya a kan tabarma maimakon ƙasa, su tabbatar ta bushe sarai, su zuba a buhun algarara maimakon na leda, su ɗora buhunan a kan katako. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna aflatoksin a jinin mutanen ƙauyukan ya ragu da fiye da rabi idan aka kwatanta da maƙwabtansu. Gyaɗar da aka tsince ɗin kuma kada a mayar da ita ƙuli-ƙuli ko tunkuza don gudun asara, a can gubar ta fi taruwa.